Muharramin Takarda

A shekarun da zinare ya buɗe a ƙasar Anka da Bukkuyum na yi aiki a wani ofishin jirgin yawo a Gummi, irin ofisoshin nan na 'yan kasuwa da ke kai mutane Hajji da Umara idan ba su samu kujerar gwamnati ba. Da safe ina koyarwa a firamare, in an tashi makaranta sai in wuce can. Shago ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai sayar da magani da mai cajin waya. Tebur biyu, benci ɗaya, kwamfuta, da ƙaramin janareto da ke kwana a ciki, shi ya sa kullum ɗakin warin fetur yake yi. A bango an liƙa babban hoton jirgin sama da na Ka'aba, ƙudaje sun ɓata su duka biyun.

Mai ofishin kowa Manaja yake ce masa. Mutum ne mai jiki da fara'a, turarensa yana riga shi shiga wuri, wayoyinsa uku, rediyonsa ba ta mutuwa. Labarin jirage shi ne abincinsa. Yau kamfani kaza ya sayo sababbin jirage, gobe an dakatar da kamfani kaza, jibi za a gina babban filin jirgi a Gusau. Abin da ya ji da safe shi zai maimaita wa masu zuwa da yamma, kamar da shi aka yi shawarar. Ni ya ɗauke ni ne don na iya buga rubutu a kwamfuta, shi kuwa ko kunna ta bai iya ba.

A lokacin an daina ba da tikitin nan mai kama da ɗan littafi, komai ya koma cikin kwamfuta. Sai in buga wa mutum farar takarda guda in ce masa ga tikitinsa, ya juya ta gaba da baya yana kallona kamar na cuce shi. Manaja ya gano maganin abin: ya sa aka buga masa ambulan masu launi da hoton jirgi, ana saka takardar a ciki, sai ka ga hankalin mutum ya kwanta. Yawancin masu zuwa mana masu harkar zinare ne, 'yan ƙasa da baƙi. Mutumin da bai taɓa wuce Gusau ba sai ya zauna a bencinmu da jar ƙasa a ƙarƙashin faratansa yana tambayar jirgin Dubai. Ko a watannin da ake ta binne yara a Sunke da Tungar Guru saboda gubar dalma, bencin nan bai taɓa zama babu kowa ba.

Goggo yayar mahaifina ce, a wani ƙauye cikin ƙasar Gwashi take zaune. Sunan mahaifinsu aka sa mini, don haka Babana take ce mini tun ina goye. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta biyu mata ne, duk suna gidan aure. Kiwo take yi da ƙuli-ƙuli, kuma tun ina yaro na san shanun da ke ɗaure a bayan ɗakinta ba na ci ba ne, ba na biki ba, na Makka ne. Shekarar da ta sayar da su ta nemi kujerar gwamnati, aka ce sun ƙare. Sai ta hau mota ta same ni a Gummi.

"Babana, an ce kai ka aikin jirgi yanzu," ta ce. "To ga ni. Ba ni so in kai baɗi, ban san ko ina da rabon ganin baɗi ba."

Na ji daɗi a ranar, ba zan ɓoye ba. Na kai ta gaban Manaja da kaina, ina jin ni ma wani ne. Ya miƙe ya ba ta kujerarsa, ya aika aka sayo mata lemo mai sanyi, yana ta kiran ta Inna. Ya ce tun da uwar malaminsa ce, ai uwarsa ce, shi da kansa zai tsaya a kan tafiyarta.

Matsalar ta fara ne da fasfo. Akwai wani mutumin Manaja da ke kwasar maniyyata ya kai su a ɗauki hoto, shi ke cike musu takardu. Tsofaffinmu na ƙauye ba su san shekarar haihuwarsu ba, shi kuma ba ya ɓata lokacinsa wajen tambaya, abin da ya zo masa a ka shi yake rubutawa. Da fasfon Goggo ya dawo na buɗe, sai na ga an mayar da ita 'yar arba'in da ɗaya, matar da ta yi jikoki masu aure. Da farko dariya na yi. Daga baya na tuna ƙa'idar biza: macen da ba ta kai arba'in da biyar ba, ba ta shiga sai tare da muharrami, miji ko uba ko ɗa ko wani da aure ya haramta a tsakaninsu.

Na nuna wa Manaja na ce a mayar a gyara. Ko karɓar fasfon bai yi ba.

"Gyara? Kafin a gyara an sauko daga Arfa. Malam, wanga ba komi ba na. Haɗa ta za mu yi."

Ranar na ga yadda ake haɗawa. Ya zube fasfunan mata a hannun dama, na maza a hagu, ya cire hula ya ajiye, ya shiga ɗauka ɗaya nan ɗaya can yana ɗaure su da roba. Wannan matar wannan ce, wannan ƙanwar wancan ce. Yana yi yana raha, wai ko limamin Juma'a bai ɗaura aure a shekara kamar yadda shi yake ɗaurawa a yini ɗaya ba. Wata matar aure daga Anka, wadda mijinta ke da rai yana sayar da hatsi a kasuwa, ya ba ta wani direba. Da ya zo kan Goggo sai ya ɗauko fasfon wani dillalin zinare, baƙo ne da ya zo daga wata jiha ya kafa injin niƙa dutse a wajen Anka. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, bai girme ni da yawa ba.

"Rubuta miji," in ji Manaja.

"Yallaɓai, goggona ce hwa. A sa ɗa mana, ko ƙane."

"Sunan ubansu ɗaya na? In ka sa ɗa ko ƙane sai sun duba suna. Miji ba a tambaya. Rubuta."

Abin da ya fi ci mini rai, ko a lokacin, shi ne ni ɗan ƙanenta ne. Ni ne muharraminta na gaskiya, wanda shari'a ta sani. Amma albashin malamin firamare ba ya kai mutum Makka, don haka ina zaune a gaban kwamfuta, na buga sunan wani ƙato da bai san ta ba, na danna wurin da aka ce miji. Na gaya wa kaina kowa haka yake yi, kuma ibada za ta je yi.

Sauran aikin shi ne a koya mata sunan, ko da za a tambaye ta. Na je har ƙauye na same ta tana suyar ƙuli, na faɗi sunan sau uku tana maimaitawa.

"Wane na shi?" ta tambaya.

"Shugaban ayarinku ne, Goggo. In an tambaye ki, ki ce tare kuke."

"To, Allah shi yi mai albarka," ta ce, ta ci gaba da juya ƙulinta.

Sati guda kafin tafiya ta bi gida-gida tana neman gafara, har gidan wata mata da suka yi shekaru ba sa magana saboda akuya ta shiga gona. Ta raba kajinta, ta bar wa maƙwabciya amanar tumaki. Mata suka yi ta zuwa da saƙon addu'a, wannan haihuwa take nema, wannan ɗanta ya shiga ramin zinare ya ƙi dawowa gida. Goggo ba ta karatu, sai ta riƙa ƙulla zare, ƙulli ɗaya saƙo ɗaya, don kada ta manta kowa. Ranar da muka tashi rabin ƙauyen ya rako ta bakin hanya.

Daga Kano jirginsu zai tashi, na nemi izini a makaranta na raka ta. Manaja ya sauke maniyyatansa a wani gida da ba a gama ginawa ba kusa da filin jirgi, babu ƙofa, babu ruwa, bayan gida ɗaya ga maza da mata, kafin azahar ya cika ya fara malalowa tsakar gida. Tsofaffi suna ɗage zane suna tsallake ƙazanta su je alwala. Shi yana otal. Kwana biyu muka yi a wurin, kullum zai zo da yamma cikin sabuwar shadda ya ce jirgi ya taso, yana hanya. Goggo ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Ta ce duk wahalar da aka sha a hanyar nan lada ce.

Ni kuwa idona yana kan maza, ina neman dillalin zinaren. Babu shi. Da na matsa wa Manaja sai ya ce ai mutumin ya canza tikiti, ya bi ta Dubai yana da kayan da zai sayar, a Jidda za su haɗu. Na karɓi lambarsa na koma gefe na kira.

"Wace tsohuwa?" ya ce.

Na yi masa bayani. Ya yi dariya.

"Au, wai har mata aka ba ni? Ni ba wanda ya gaya mini. Malam, ina cikin kasuwa yanzu, sai wani satin zan shiga Saudiyya. Ka gaishe ta."

Na koma wurin Manaja na gaya masa. Ya dafa kafaɗata ya ce shekara nawa yana wannan aiki, ba a taɓa tsayar masa da mutum ba, Larabawan nan hatimi kawai suke bugawa ba sa ko ɗaga kai. A nan ya kamata in je in gaya wa Goggo gaskiya, ta zaɓa da kanta. Na dube ta daga nesa, tana zaune a kan jakarta da sabon hijabi fari, tana jan carbi tana murmushi ita kaɗai. Na kasa. Washegari da hantsi aka kira su, ta riƙe hannuna ta ce, "Babana, kai ad da ƙulli na farko." Ta shiga layi.

Kwana biyu da dawowata Gummi, ina shan shayi da safe kafin in wuce makaranta, rediyon mai shayi ta faɗi labarin. An tsare mata maniyyata 'yan Najeriya masu yawa a filin jirgin Jidda, an hana su shiga saboda ba a ga muharramansu ba, ana maganar dawo da su. Mutanen da ke benci suka hau muhawara, wani ya ce wulaƙanci ne don mu baƙaƙe ne, wani ya ce ai shari'a ce. Ni na ajiye kofin na tashi. Ban je makaranta ba ranar.

Wayoyin Manaja uku duk a kashe. Mazan matan da muka tura suka cika ƙofar ofis, ni kaɗai suka samu. Mai sayar da hatsin nan na Anka ya tsaya a kaina yana tambaya, shi da ya sa hannu ya ba matarsa izini, me kuma ake nema? Ban iya gaya masa cewa a takarda matarsa matar direba ce ba. Sai bayan la'asar Manaja ya ɓullo, ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga hannu biyu.

"Jama'a, wagga magana ta ƙasa da ƙasa ce. Ba mu kaɗai ba na, har na gwamnati an tsare. Manya na magana, ku je ku yi addu'a."

Suka watse. Yana shigowa ya zauna ya ce in buɗe kwamfuta, akwai sanarwar Umara da yake so a buga, wani kamfanin jirgi ya rage kuɗin kujera, kada wasu su riga mu. Na buga masa. Har gyara mini ya yi, wai in ƙara girman rubutun inda aka ce amana.

A kwana na uku wata baƙuwar lamba ta kira ni. Wata mata ce 'yar Katsina ta ara wa Goggo waya. Muryarta ta dishe.

"Babana, muna nan wuri guda, ba mu ga Makka ba. An ce gida za a maishe mu. Ka zo ka tarbe ni."

Kafin in ce wani abu wayar ta yanke.

Na koma Kano. Na ga saukowarsu, mata cikin fararen hijabai da suka yi dauɗa, wasu suna kuka, wasu sun rufe fuska saboda masu ɗaukar hoto da suka yi musu caa. Wani ɗan jarida ya tura wa wata tsohuwa abin magana a baki yana tambayar ta yaya take ji. Goggo ta fito a can baya, ƙafafunta sun kumbura har silifas ba ya shiga, tana riƙe da shi a hannu. Jakarta ba ta zo ba, ba ta kuma taɓa zuwa ba.

Muka hau mota muka kama hanya har muka wuce Funtuwa. Muna kujerar baya, ita a jikin taga. Sannan ta fara ba ni labari a hankali, ba ta kallona. Ta ce wani babban ɗaki aka tara su, sanyin na'ura kamar zai tsaga ƙashi, babu tabarma, a kan tayil suke kwana suna rufa da hijabi. Bayan gida kaɗan ne, layi ba ya ƙarewa, wata mai ciwon suga ta kasa riƙewa ta yi a tsaye, ta zauna tana kuka, su suka kewaye ta da zannuwa. Ta ce ta gilashi suna ganin wasu alhazai na wasu ƙasashe suna wucewa cikin harami suna Labbaika, su ma sai su amsa daga ciki, har wani ma'aikaci ya buga gilashin ya ce su yi shiru.

"Rana ta biyu anka kira ni gaban wani mai kaki," ta ce. "Da wani ɗan ƙasarmu mai yi muna tafinta. Yac ce, ana tambaya ina mijinki. Nac ce mijina shina ƙasa shekara tara, Allah shi jiƙan shi. Sai yad duba takarda yac ce, a'a, ga sunan mijinki nan. Yak karanta. Sunan nan da ka koya man."

Direba ya ƙara sautin rediyo.

"Nac ce wanga shugaban ayari na. Tafintan yay yi dariya, mai kakin ma yay yi dariya. Gaban mutane, Babana. Ni da na yi takaba na gama, na ƙi kowa shekara tara, an ce ina da miji ban sani ba. A ƙasar Manzo anka tambaye ni, kuma takardata tac ce ni maƙaryaciya ce."

Sai a lokacin ta juyo ta dube ni.

"Wa yar rubuta?"

Da zan iya cewa Manaja ne, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Amma na gaji.

"Ni ne, Goggo. Shi ya ce in rubuta, ni na rubuta."

"Kuma ka sani sadda kaz zo kana koya man sunan."

"Na sani."

Ta gyaɗa kai, ta mayar da fuskarta taga. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba. Da muka tsaya salla a Tsafe na sayo mata ruwa da ayaba, ta karɓi ruwan ta yi alwala da shi, ayabar tana kan cinyarta har muka isa.

Ta ce ba za ta wuce ƙauye ba tukuna, in sauke ta gidan 'yarta a Bukkuyum. Ta yi kusan wata guda a can, ba ta fita ko ƙofar gida. Kunyar matan da suka ba ta saƙo take ji.

A cikin kwanakin nan Manaja ya kira ni gidansa. Na same shi a zaure da buhuna a gabansa: dabino, carbi, sallaya, zobban azurfa, 'yan hulunan yara, da jarkoki masu rubutun Larabci. Duk a kasuwar Kano ya sayo su, ruwan jarkokin ma ban san inda aka ɗebo shi ba. Ya ware kashi ɗaya ya tura gabana.

"Ka kai ma Inna. Ta zauna Bukkuyum har alhazai su fara dawowa, sannan ta shiga gida da tsarabarta. Ai ta hau jirgi, ta taka ƙasa mai tsarki, niyya kuwa ta riga ta yi. In tana so akwai mai sa haƙorin Makka a Kano, ni zan biya. Mutanen ƙauye wa zai bincika?"

Na tsaya ina kallon bakinsa yana motsi. Yana taunar dabino daga cikin buhun yana maganar, ya tofar da ƙwallon a gefen tabarma. Abin da ya fi muni, na fahimci shi a ransa alheri yake yi. Ya kuma gaya mini cewa biyu daga cikin matan sun riga sun karɓa.

Ban ɗauki kayan ba, amma na gaya wa Goggo, don na yi wa kaina alkawarin ba zan ƙara ɓoye mata komai ba. Ta saurara har na gama.

"Ƙarya guda ba ta ishe ku ba," ta ce. "Gobe ka zo ka kai ni gida."

Da rana tsaka muka shiga ƙauyen, ranar kasuwa, ita ta zaɓi haka. Mata suka fito da guɗa, don labari bai kai wa kowa daidai ba, wasu suna Hajiya, Hajiya. Ta tsaya a tsakar gidanta ta ɗaga hannu.

"Kada wadda ta ƙara ce man Hajiya. Ban yi ba. An maido ni daga hilin jirgi." Ta ciro zaren nan daga lalitarta ta ɗaga. "Saƙonku ga shi, ban kai ba. Ku yahe man."

Matar nan da suka yi faɗan akuya ita ta fara matsowa ta karɓi buta daga hannunta, ta ce a kawo wa Goggo ruwa ta wanke ƙafa.

Zan so in ce a ranar na bar aikin Manaja. Ban bari ba. Matata tana da tsohon ciki, albashin makaranta yana makara, na ci gaba da zuwa har wata uku. Ina nan dillalin zinaren ya dawo daga Hajji, ya zo ofis da farar jallabiya da sabon haƙori yana walƙiya, ana ta yi masa barka. Manaja ya nuna ni ya ce, "Ga surukinka nan," suka tuntsire da dariya su biyu. Mutumin ya miƙo mini carbi kyauta. Na karɓa, na ce na gode. Har yau idan na tuna wannan na gode ɗin sai in ji ƙyamar bakina. Da tafiyar Umara ta matso aka sake zube fasfuna dama da hagu a kan tebur, ranar ce na ce zan je in yi salla, ban koma ba.

Manaja bai rasa komai ba. Ya samu wani mai buga masa kwamfuta a satin. Bayan shekara biyu ya buɗe babban ofishi a Gusau mai gilashi da na'urar sanyi, ina jin tallarsa a rediyo tsakanin labarai. Duk lokacin da aka kawo sabon tsari, ɗaukar hoton yatsu ne, biza ta intanet ce, shi ne na farko da zai sanar, kuma ina da tabbacin shi ne na farko da zai gano ta inda ake zagaye shi. Ya aiko wa Goggo cewa kujerarta tana nan baɗi. Ta ce a gaya masa ta gode, ba ta bin hanyarsa ko da kyauta ne.

Ba ta sake samun zuwa ba. Ta fara tara wasu shanun, sai ɓarayin daji suka addabi ƙasar Gwashi, aka kore su tare da na mutane a rana ɗaya. Daga baya zaman ƙauyen ya gagara, ta dawo Bukkuyum wurin 'yarta da zama, tana ƙulinta a ƙofar gida.

Ta yafe mini, da bakinta ta faɗa, kuma na yarda har zuciyarta ne. Ina zuwa gaishe ta duk ƙarshen wata, ta ba ni fura, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Wata rana na same ta da takardar asibiti a hannu, an rubuta mata magungunan hawan jini, tana juya ta. Na miƙa hannu na ce ta kawo in karanta mata. Ta ninke takardar ta sa a ƙarƙashin cinyarta.

"Bar shi, Babana, sha hurarka," ta ce. "Ɗiyar maƙwabta na zuwa in an tashi makaranta, ita ka karanta man."